Masu Zamiya A Gangaren Tsaunukan Alps: Lokaci Na Ƙara Ƙure Musu

A duk shekara, da zarar watan Afrilu ya zo ƙarshe, akasarin wuraren shaƙatawa na tsaunukan Alps da ke Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya sukan rufe harkokinsu na hunturu. Masu otal-otal su sallami ma'aikatan wucin gadi, 'yan yawon buɗe ido su tattara komatsansu su koma birane, dusar ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙauyuka tun watan Disamba ta narke ta bar ciyawa. A idon mai hange daga nesa, kakar wasan zamiya ta ƙare ke nan. Sai dai a daidai wannan lokaci ne wasu 'yan tsirarun mutane suke fito da kayansu suna wasa musu baki, domin a wurinsu yanzu ne kasuwa za ta fara ci. Su ne masu hawa ƙololuwar tsaunuka da ƙafa, goye da allunan zamiya, sannan su sauko a kansu ta fuskar dutsen da ko akuya ba za ta yarda ta bi ba.

Ga mai karatun da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, wanda kuwa shi ne mafi yawanmu, ya kamata a ɗan yi bayani. Allunan zamiya wasu dogayen katakai ne guda biyu marasa faɗi, tsawon kowanne ya yi kusan tsawon mutum, ana maƙala takalmi a kai, gefunansu kuma da bakin ƙarfe mai kaifi wanda ke cizon dusar idan mutum ya karkata. Miliyoyin Turawa suna yin wannan wasa a filayen da aka gyara musu, inda na'ura ke kai su sama, motoci su daɓe dusar da dare, ma'aikatan ceto kuma suna nan a tsaye. Waɗanda muke magana a kansu ba su da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Gangaren da ake ɗauka mai wuya a filin wasa ba kasafai yake wuce digiri 35 zuwa 40 ba, wato ya ɗan fi matakalar bene miƙewa. Su kuwa daga digiri 45 suke farawa, su kai 50, wani lokaci har 55, inda mutum yana tsaye zai miƙa hannu ya taɓa jikin tsaunin ba tare da ya sunkuya ba. Tsawon irin wannan fuska yakan kai mita 1,000, kamar a ce an ɗora Dutsen Zuma uku a kan juna. Wanda ya faɗi a irin wannan wuri ba ya tsayawa sai gindin dutse.

Cibiyar wannan harka ita ce garin Chamonix na Faransa, a gindin Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Alps, mai mita 4,800 da 'yan kai, wato kusan ninki biyu na Chappal Waddi da ke Jihar Taraba. Tun 1821 garin yake da ƙungiyar 'yan jagorar hawan tsauni, kuma tun 1955 yake da wani ƙaton akwati mai tafiya a kan igiyar ƙarfe wanda ke ɗaukar mutum daga tsakiyar gari ya kai shi ƙololuwar Aiguille du Midi, mai mita 3,842, cikin kimanin minti 20. Za mu dawo kan wannan akwati, domin yana da hannu a cikin labarin.

Abin tambaya na farko shi ne, me ya sa sai hunturu ya wuce? A tunanin mutum, watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da sanyi ya fi tsanani kuma dusa ta fi zuba, su ne suka fi dacewa. Amma lamarin ba haka yake ba. Dusar da ke zuba a tsakiyar hunturu busasshiya ce, tamkar garin alkama, ba ta da danshin da za ta manne da shi. Idan ta sauka a kan gangare mai digiri 50, wanda asalin jikinsa tsohuwar ƙanƙara ce mai taurin gilashi, ba ta zama; ko dai ta silale da kanta, ko iska ta share ta. A gangaren da bai kai wannan miƙewa ba, tsakanin digiri 30 da 45, takan taru hawa-hawa, wani hawan bai kama wani ba, har ta zama tarko, nauyin mutum guda ya isa ya tsinke ta ta zaftaro gaba ɗaya. A wannan matsakaicin gangare ne aka fi samun zaftarewar dusa, wadda ke cin rayukan mutane kimanin 100 a shekara a faɗin Alps.

Daga watan Afrilu zuwa Yuni kuwa, hadarin da ke tasowa yana zuwa da ɗumi da danshi. Dusarsa mai nauyi ce, tana lanƙwamewa a jikin ƙanƙara kamar yaɓen laka a bango. Bayan haka rana ta narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita, a yi ta haka kwana da kwanaki har hawa-hawan nan da ba sa ga-maciji da juna su haɗe su zama abu guda. A lokacin ne fuskokin da suka shafe hunturu suna baƙi ƙirin suke yin fari, kuma a lokacin ne kaɗai za a iya sauka ta kansu. Wasu fuskokin sukan ba da makonni uku ko huɗu. Wasu kwana biyu ko uku. Akwai waɗanda sai a yi shekaru ba su ba da ko yini ɗaya ba. Fuskar Nant Blanc da ke tsaunin Aiguille Verte misali ce: Jean-Marc Boivin ya sauko ta kanta a watan Yunin 1989, ba a sake samun wanda ya maimaita ba sai a Yunin 1999, lokacin da wani matashi ɗan Chamonix, Marco Siffredi, ya sauko a kan allo guda mai faɗi.

To, ko da an dace da makon, akwai sauran rina a kaba, domin a cikin yinin ma sa'o'i ƙalilan ne suke da amfani. A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Komai ya dogara ne a kan daren da ya gabata. Idan sama ta yi garau babu gajimare, dusar takan saki zafin da ta sha da rana zuwa sararin samaniya, ta daskare ta yi ɓawo mai kauri, ko da kuwa iskar wurin ta ɗan haura ma'aunin sifili. Idan gajimare ya rufe sama, ya zama bargo ke nan, zafin ba ya fita, sai a wayi gari da ɓawo na ƙarya, sama-sama da tauri amma ciki jiƙe sharkaf. Saboda haka ne masu wannan harka suke kwana a ƙananan masaukai da aka gina can sama a kan duwatsu, su tashi da ƙarfe 1 ko 2 na dare, su kama hanya da fitila a goshi. In kana sammako, wani a tafe ya kwana. Suna hawa ne a lokacin da komai yake a daskare, da ƙayoyin ƙarfe a ɗaure a takalmi da ɗan gatari a kowane hannu, da nufin su isa ƙololuwa kafin rana ta taɓa fuskar da za su bi.

Da isarsu sai jira. Idan mutum ya yi gaggawar sauka, zai tarar da dusar da taurin siminti, bakin ƙarfen allonsa ba zai ciji komai ba. Idan rana ta ɗan dafa ta, samanta ya yi laushi da kaurin yatsa biyu, ƙwayoyinta suka ware kamar tsaki alhali ƙasanta yana nan da ƙarfinsa, to wannan shi ne abin da aka fito nema. Ba ya daɗewa. Bayan sa'a ɗaya ko biyu, ruwan narkewar zai ratsa har ƙasa, dusar ta koma kamar kunu mai kauri, ta fara gangarowa da kanta tana kwasar duk abin da ta tarar. Duwatsun da ƙanƙara ta riƙe da dare su ma su fara sakkowa. Kowace fuska kuma da nata agogon: mai kallon gabas ita ce rana ke fara duka, wani lokaci ƙarfe 8 na safe ya zama an makara, mai kallon kudu ta biyo baya, ta yamma sai wajen azahar, ta arewa kuwa takan riƙe sanyinta, amma ita ce ta fi ɓoye tsohuwar ƙanƙara a ƙarƙashin ɗan mayafin dusa. Bugu da ƙari, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, ma'ana fuska guda tana iya zama da tauri a samanta a daidai lokacin da gindinta ya riga ya ruɓe. Mai sauka ba zai taɓa samun duka yadda yake so ba. Sai dai ya zaɓi inda zai yarda ya sha wuya.

Ba a nan haɗarin ƙarshen kaka ya tsaya ba. A gindin kusan kowace irin wannan fuska akwai wata babbar tsaga, inda kogin ƙanƙarar da ke kwance a ƙasa ya rabu da jikin tsauni. Cikin hunturu dusa takan cike ta, amma da ɗumi ya shigo sai ta fara buɗe baki, gadojin dusar da ke kanta su yi rauni. Ƙananan zaftarewa kuma sukan haƙa magudanai a tsakiyar gangaren, masu zurfin da zai kai ƙugun mutum, waɗanda tsallaka su da alluna a ƙafa wani aiki ne mai zaman kansa. Sannan ga curukan ƙanƙara masu girman bene da ke rataye a saman wasu hanyoyin, waɗanda su ba ruwansu da agogo. Sukan faɗo da tsakar dare kamar yadda sukan faɗo da tsakar rana. Hanyar da aka fi bi da alluna zuwa ƙololuwar Mont Blanc, ta masaukin Grands Mulets, ta ƙarƙashin irin waɗannan curuka take ratsawa, kuma babu wata dabara a wurin illa a wuce da sauri.

Duk wannan ilimi ba a aji aka tsara shi ba, mutane ne suka tara shi da jikinsu. Wanda ake ɗauka uban wannan harka shi ne Sylvain Saudan, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya rasu a 2024. Shi ne ya fara sauka ta kwazazzabon Spencer da ke Aiguille de Blaitière a 1967, sannan a 1968 ya bi da kwazazzabon Whymper na Aiguille Verte da na Gervasutti da ke Mont Blanc du Tacul. A 1982 ya kai abin har Pakistan, inda ya sauko daga Gasherbrum na ɗaya, mai fiye da mita 8,000. A bayansa aka samu irin su Patrick Vallençant da Anselme Baud a Faransa, da Heini Holzer a arewacin Italiya, mutumin da sana'arsa sharar bututun hayaƙin gidaje ce, amma ya sauka ta miƙaƙƙun gangare fiye da 100 kafin ajali ya cim masa a tsaunin Piz Roseg.

Mai karatu ya lura da watannin da waɗannan abubuwa suka faru, domin a nan ne zancen yake. Saudan ya sauka ta Spencer ne a watan Satumba. Ta Gervasutti kuwa a watan Oktoba. Holzer ya rasu ne ranar 4 ga Yulin 1977, yana tsakiyar kakarsa ta aiki. Wato a zamaninsu, mutum yana iya samun dusa mai kyau a kan waɗannan fuskoki a tsakiyar bazarar Turai, har zuwa ƙarshenta. A yau, a mafi yawan shekaru, wanda ya je da yawa daga cikin waɗannan kwazazzabai a watan Satumba ba abin da zai tarar sai tsakuwa da baƙar ƙanƙara da duwatsu masu gangarowa. Kakar ta matso gaba, ta kuma tsuke.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, yankin Alps ya ƙara ɗumi da aƙalla digiri 2, abin da ya zarce matsakaicin ƙaruwar da aka samu a duniya nesa ba kusa ba. Masu auna kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun bayyana cewa a 2022 kaɗai kogunan sun yi asarar kimanin kashi 6 cikin 100 na girmansu, a 2023 kuma kashi 4, wato kashi ɗaya cikin goma a shekara biyu. Akwai wani ma'auni da masu hawan tsauni suke dubawa kafin komai, shi ne tsawon da mutum zai hau kafin zafin iska ya sauka zuwa sifili. A watan Yulin 2022 hukumar yanayi ta Suwizalan ta auna shi a mita 5,184, a Agustan 2023 kuma a mita 5,298. Ma'anar wannan ita ce, a waɗannan ranaku babu ƙololuwa ko guda a duk Alps, har da Mont Blanc, da iskarta ta kai sanyin daskarewa. Gaskiya ne cewa waɗannan alƙaluma na tsakiyar bazara ne, amma zafin da ke kai wannan matsayi a Yuli ba a Yuli yake farawa ba. A 2022 tun a watan Mayu da Yuni aka shiga zafi mai tsanani, bayan hunturun da bai ba da dusar kirki ba.

A wannan shekarar har hamadarmu ta sa hannu. A tsakiyar watan Maris na 2022 iska ta kwaso ƙura daga Sahara, hamadar nan da ke aiko mana da hazo a lokacin hunturu, ta tsallaka da ita Bahar Rum ta juye a kan Sifen da Faransa da Suwizalan, har dusar Alps ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Sabuwar farar dusa tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken rana. Wadda ƙura ta ɓata kuwa shanye zafin take yi. Ko da sabuwar dusa ta rufe ƙurar, tana nan kwance a ciki, kuma da narkewa ta iso gare ta a watan Mayu sai aikin ya ninka sauri. Ƙurar Sahara ta daɗe tana zuwa Alps, ba baƙuwa ba ce, amma ta tarar da majinyaci ne a wannan karon.

Ba dusa kaɗai abin ya shafa ba, har da dutsen kansa. A can sama, ƙanƙarar da ke daskare a cikin tsagogin duwatsu shekara da shekaru ita ce simintin da ke riƙe su. Da ta fara narkewa sai gini ya fara zubewa. A 2005 wani shahararren ginshiƙin dutse a tsaunin Dru, wanda ke ɗauke da sunan Walter Bonatti, ya rushe. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar tsaunin Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. Wani bincike da Jacques Mourey da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya ɗauki hanyoyi 95 daga cikin waɗanda fitaccen ɗan jagora Gaston Rébuffat ya zayyana a 1973 a matsayin mafiya kyau a yankin Mont Blanc, ya gano cewa sauyin yanayi ya taɓa 93 daga ciki, 3 kuma sun ɓace ɗungurungum. Ko ɗan yawon buɗe ido ya shaida: matakalar da ake bi a sauka zuwa kogin ƙanƙara na Mer de Glace an yi ta ƙara mata tsawo shekara bayan shekara har matakanta suka haura 500, kafin a 2024 a buɗe sabuwar hanyar igiya da ke kai mutane can gaba inda ƙanƙarar ta ja da baya.

Abin da wannan ke nufi ga mai zamiya shi ne, ilimin da ya gada na cewa fuska kaza a mako kaza ake saukarta ya daina aiki yadda yake yi a da. Manomin da ya ga ruwan farko ya yaudare shi ya yi shuka, sannan aka ɗauke na mako uku, zai fahimci irin wannan ruɗani. Bambancin kawai shi ne manomi iri yake asara.

Sai dai kada a ɗauka cewa dukkan mace-macen ƙarshen kaka na masu neman suna ne a kan gangare mai digiri 55. Akasin haka ma ya fi yawa. A ƙarshen Afrilun 2018, guguwa ta rutsa da mutum 14 a kusa da tsaunin Pigne d'Arolla na Suwizalan, suka kwana a fili, tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci kawai daga masaukin da suka nufa. 7 daga cikinsu suka mutu, har da ɗan jagorarsu. Ranar 9 ga Afrilun 2023, dusa ta zaftaro a kogin ƙanƙara na Armancette kusa da Mont Blanc ta kashe mutum 6, biyu daga cikinsu ƙwararrun 'yan jagora ne, a ranar da gargaɗin hukuma yake mataki na 2 cikin 5. A ƙarshen Mayun 2025 aka tsinci gawawwakin masu zamiya 5 a ƙarƙashin tsaunin Rimpfischhorn kusa da Zermatt. Ma'aunin gargaɗin nan mai matakai 5, wanda ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993, abu ne mai matuƙar amfani, amma yana magana ne a kan yanki guda baki ɗaya. Ba zai gaya wa mutum halin da wani lungu yake ciki da ƙarfe 9 na safe ba. Gwaninta ma ba ta zama kariya. Doug Coombs, Ba'amurken da ake sawa a sahun gaba a duniya, ya rasu ne a watan Afrilun 2006 a La Grave ta Faransa, lokacin da ya matsa bakin wani gagarumin rami domin duba abokinsa da ya riga shi faɗawa.

Tsofaffin hannu suna da wata ƙa'ida, cewa ka hau ta inda za ka sauko. Hikimar a fili take: wanda ya taka kowane taku da ƙafarsa ya san inda ƙanƙara take ɓoye, ya san inda dusar ba ta kama ba, kuma yana da damar juyawa tun yana ƙasa. Amma ƙa'idar tana da tsadarta, domin tana nufin shafe sa'o'i huɗu ko biyar a cikin maƙogwaron kwazazzabo, ƙarƙashin duk abin da zai faɗo. Masu saɓa mata suna da hujjarsu ke nan. To a nan ne akwatin igiyar nan na Aiguille du Midi ya shigo. Mutum zai karya kumallo a gari, kafin hantsi yana tsaye a saman fuskar arewa ta tsaunin, bai zubar da gumi ba, bai kuma taɓa dusar da zai dogara da ita ba. Da zarar mutum ɗaya ya sauka lafiya ya saka hotonsa a Instagram, washegari sai a ga jerin gwano. Na farko ya tarar da dusa, na goma ya tarar da ƙanƙarar da waɗanda suka gabace shi suka kankare, kuma duk ɓarɓashin da na sama ya tunkuɗo a kan na ƙasa yake sauka. Ƙarancin ranakun kirki ya sa kowa yana rububin rana guda. A ganina wannan cunkoso, wanda tsukewar kaka ta haifar, ya fi miƙewar gangaren kansa haɗari.

Wani zai ce, to me ya kai su? Ai wannan ganganci ne, gwamnati ta hana kawai. Tambaya ce mai ma'ana, kuma Turawan ma suna yin ta. A Faransa, rundunar jandarmomin tsauni da aka kafa a Chamonix a 1958, bayan wasu matasa biyu, Jean Vincendon da François Henry, sun mutu a kan Mont Blanc a farkon 1957 jama'a suna hangen su da tabarau daga gari, ita ce ke aikin ceto, kuma ba a cajin wanda aka ceta ko sisi. A Suwizalan kuwa mutum ko inshorarsa ne ke biyan kuɗin jirgi mai saukar ungulu. A bazarar 2022 magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya fusata har ya ce duk mai son hawa Mont Blanc ta ɓangarensa ya ajiye Yuro 15,000, wato 10,000 na ceto, 5,000 na jana'iza. Maganar ta yi amo a jaridu, amma ba ta zama doka ba.

Ni dai ban ga hani zai yi aiki ba. Ba a kewaye tsauni da waya, kuma dokar da za ta ce daga ranar kaza an rufe ta sake faɗawa cikin kuskuren da ake gudu, wato dogaro da kalanda a lokacin da kalanda ta daina faɗin gaskiya. Ranar 20 ga Mayun bana tana iya zama lafiya lau, ta baɗi ta zama ajali. Abin da ya nuna amfaninsa shi ne awo da sa ido da faɗa wa jama'a gaskiya a kan lokaci. A Chamonix akwai ofishi na musamman da ke tattara rahoton halin da hanyoyi suke ciki daga bakin 'yan jagora da masu kula da masaukai, ya bayar kyauta ga duk mai tambaya. Misali mafi girma kuwa shi ne na ƙauyen Blatten a Suwizalan. Masana sun lura dutsen da ke saman ƙauyen yana motsi yana zubo tsakuwa a kan kogin ƙanƙara na Birch, aka kwashe mazauna kimanin 300, bayan kwana tara kuma, ranar 28 ga Mayun 2025, ƙanƙarar ta rufto ta binne kusan duk ƙauyen. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa. Da a ce da tarihi aka yi aiki, cewa ƙauyen ya shekara ɗaruruwa a wurin ba abin da ya same shi, da labarin ya sha bamban.

A halin da ake ciki, masu sha'awar wasan ƙaruwa suke yi. An shigar da tseren hawan tsauni da alluna cikin gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 a Italiya, duk da cewa abin da aka tsara a garin Bormio tsere ne na 'yan mintoci a filin da aka gyara, wanda kamarsa da abin da muka bayyana ba ta wuce ta suna da kayan aiki ba. Kayan ma sun ƙara sauƙi da rashin nauyi, ta yadda matashi mai ƙarfi zai kai inda a da sai wanda ya shekara goma yana koyo. 'Yan jagora da dama sun matso da ayyukansu na manyan tsaunuka zuwa farkon kaka, suna sayar wa baƙi mako guda ba tare da alƙawarin wata ƙololuwa takamaimai ba, domin ba su san wadda za ta yarda ba sai ranar ta zo. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya ɗauki hutun kwana biyar daga ofis, ba ya son jin haka, kuma matsin da yake yi wa ɗan jagora yana cikin abubuwan da ba a rubutawa a rahoton hatsari.

Duk da na'urorin hasashen yanayi da hotunan tauraron ɗan'adam, gwajin ƙarshe bai sauya ba tun zamanin su Saudan. Da ƙarfe 2 na dare ɗan jagora yakan buɗe ƙofar masauki, ya ɗaga kai ya duba ko akwai taurari, sannan ya taka dusar da ke bakin ƙofa da dukkan nauyinsa. Idan ta ɗauke shi, ya tashi mutanensa. Idan ƙafarsa ta nutse har idon sawu, ya koma ya gaya musu yau babu tafiya.